Kaza a tukunyar ƙasa ta oben: naman ya yi laushi, fatar ta ƙi yin ja

Maman Safwan ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu gasa kaza a tukunyar ƙasa mai murfi, irin wadda ake sakawa a cikin oben, ku zo ku fitar da ni daga duhu.

Matar yayana ce ta ba ni tukunyar, ta ce ta daɗe a ajiye ba ta amfani da ita. Römertopf aka rubuta a jikin murfin. Jar ƙasa ce, mai siffar ƙwai, ba shafe ciki da waje, idan ka shafa ta sai ka ji kaushi. Takardar bayaninta ta ɓata tuni. Abu biyu kawai ta gaya mini: in jiƙa ta a ruwa kafin in yi amfani da ita, kuma kada in kuskura in saka ta a oben mai zafi.

Ga yadda na yi. Na jiƙa tukunyar da murfinta minti 15. Kazar ta firiza ce, kilo ɗaya da rabi, na bari ta narke. Na markaɗa albasa da tafarnuwa da citta da ruwan lemon tsami, na shafe ta ciki da waje, ta kwana a firiji cikin wannan haɗin. Da safe na yanka manyan albasa uku na shimfiɗa a ƙasan tukunyar, na ɗora kazar, na juye sauran markaɗen a kanta. Da na ga tukunyar ba mai ko kaɗan sai tsoron ƙonewa ya kama ni, na ƙara ruwa rabin kofi. Na rufe, na saka a oben yana da sanyi, na kunna a digiri 180, na bar ta awa biyu ban buɗe ba.

Ƙamshi kam ya cika gida. Amma da na ɗaga murfin sai na ga kaza fara fat tana iyo, romo ya kai rabin jikinta. Naman ya yi laushin da ban taɓa samu a tire ba, ina ɗaga ta cinya ɗaya ta zame ta zauna a tukunya. Fatar ce matsalar: ta yi yauƙi, ta yi laɓa-laɓa, yara suka ɓare ta suka tara a gefen faranti. Maigida ya ɗanɗana ya ce, "Wannan gashi ne ko dahuwa?" Ban da amsa.

To abin da nake son sani, haka tukunyar take ko akwai abin da za a gyara? In ƙara wuta? Ko in daina jiƙa ta, tunda da alama ruwan ne ya yi yawa? Sannan ina tunanin idan kazar ta dahu in ɗora tukunyar a kan gas, romon ya ƙone, fatar ta soyu. Akwai wadda ta taɓa gwadawa?

Anti Rabi ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Maman Safwan. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe don ita ce mai haɗari: kada ki ɗora wannan tukunyar a kan gas, ko da ƙaramar wuta ce. Don oben kaɗai aka yi ta. Harshen wuta zai zafafa gindinta alhali gefe da baki suna da sanyi, sai dai ki ji ƙas, romo ya bi ta kan murhu.

Maigidanki bai yi kuskure ba. Muddin murfin nan yana rufe, abin da ke faruwa a ciki ya fi kusa da turara fiye da gashi. Yumɓun ya sha ruwa, kazar ma tana fitar da nata, tururi ya cika tukunyar ya rasa hanyar fita. Wannan tururin shi ya ba ki laushin da kike yabawa, kuma shi ne ya hana fatar yin ja. Fata ba ta yin ja sai ta bushe. Don haka aikin kashi biyu ne: a rufe don naman ya dahu da ruwan jikinsa, a buɗe don fatar ta gasu. Ke kin yi na farko kin tsaya.

Kada ki daina jiƙa ta. Ba ruwan jiƙon ne ya cika miki tukunya ba, wanda yumɓu ya sha tururi yake zama. Ruwan da kika gani daga wuri huɗu ya fito: rabin kofin da kika zuba, markaɗen da kika juye, manyan albasa uku waɗanda kusan duk jikinsu ruwa ne, da kazar firiza, wadda ta fi sabuwar yanka zubar da ruwa. Rabin kofin nan ki manta da shi gaba ɗaya. Ban taɓa ganin kaza ta ƙone a jiƙaƙƙiyar tukunya mai murfi ba.

Ni ga yadda nake yi. Tun daren jiya nake tsane kazar da tawul ɗin takarda, ciki da waje, har ƙarƙashin fukafukai da tsakanin cinyoyi inda ruwa ke ɓuya. In barbaɗa gishiri, kamar ƙaramin cokali biyu ga kaza mai kilo ɗaya da rabi, in ɗora ta a faranti in saka a firiji ba rufi, a can ƙasa inda ba za ta ɗiga a kan wani abinci ba. Kafin safe za ki ga fatar ta ɗame, ta ɗan yi sheƙi, idan kika taɓa ba ta manne miki a yatsa. Wannan fatar ce ke yin ja.

Tafarnuwa da citta ba a saman fata nake sa su ba. Ki cusa yatsunki ta bakin ƙirji, tsakanin fata da tsoka, a hankali, za ki ji tana rabuwa. Ki haɗa dakakkiyar tafarnuwa da citta da masoro da bota cokali biyu, ki tura ta nan har zuwa kan cinyoyi. Lemon tsamin ki raba shi biyu ki jefa a cikin kazar, ba ki matse a kanta ba. Saman fatar ɗan mai kawai za ki shafa. Ɗanɗanon ma ya fi shiga nama ta haka, don a da rabin kayan haɗin kan fata yake tsayawa, fatar da yara za su ɓare su jefar.

A ƙasan tukunya ki sa abin da zai ɗaga kazar sama: karas manya-manya, dankali da aka raba biyu, albasa guda ɗaya tak, a yanka huɗu. Kada ki yanka su ƙanana, za su narke. Ƙirjin kazar ya kalli sama. Ki duba kada murfin ya taɓa ƙirjin, in ba haka ba fatar za ta manne, kina ɗagawa ta biyo shi.

Digiri 180 ya yi kaɗan. Tukunyar da kanta tana tare zafi, kuma daga sanyi take tashi. Ni 220 nake sawa, in bar ta awa ɗaya da kwata a rufe, sannan in cire murfin in ba ta minti 15 zuwa 20. Idan na ga romo ya taru da yawa, in kwashe da ludayi kafin in mayar, domin duk inda romo ya taɓa ba zai yi ja ba. Idan za ki ɗaga murfin ki karkata shi gefen da ba fuskarki ba, tururin nan yana ƙuna sosai. Kuma ki shimfiɗa busasshen tsumma ko katako tun kafin ki buɗe oben, a kai za ki ajiye murfin.

Baban Yusra ya rubuta:

Hajiya Rabi ta gama magana, ni ƙari biyu kawai zan yi, ɗaya kan tsagewa, ɗaya kan sanin dahuwa.

Yumɓu ba ya watsa zafi da sauri kamar ƙarfe. Idan wani ɓangare ya yi zafi yana buɗewa, na kusa da shi da bai yi zafi ba yana nan yadda yake, sai su ja juna, kuma gasasshiyar ƙasa ba ta lanƙwasa, tsagewa take yi. Shi ya sa dokar ba ta tsaya ga oben mai zafi kaɗai ba. Tukunya mai zafi a kan tayil mai sanyi, ko a kan jiƙaƙƙen tsumma, ko a zuba mata ruwan famfo don a jiƙa ƙanzo, duk abu ɗaya ne. Haka idan kina son ƙara wani ruwa a tsakiyar girki, sai mai zafi. Kuma kada a ɗauko tukunya daga firiji a wuce da ita oben kai tsaye.

Batun ja kuwa lissafi ne mai sauƙi. Ruwa yana tafasa a digiri 100, kuma muddin akwai danshi a saman fata, zafinta ba zai wuce nan sosai ba, ko da oben ya kai 220. Jan da muke so, da ƙamshin gashi, ba sa kankama sai saman ya kai wajen digiri 140 zuwa sama. To a cikin tururi yaushe za ta kai? Ƙara wuta a rufe ba zai kawo ja mai kyau ba, sai dai ya rage lokaci.

Na biyu, Maman Safwan, cinyar da ta zame alama ce ta cewa kazar ta wuce dahuwa. Awa biyu ya yi yawa ga kilo ɗaya da rabi, tururi ne ya rufa miki asiri naman bai bushe ba. Ki sayi ma'aunin zafin nama, ɗan ƙarami mai tsinke. Ki soka a inda cinya ta fi kauri, kada ya taɓa ƙashi. Hukumar kula da abinci ta ma'aikatar noma ta Amurka ta sa digiri 74 a matsayin zafin da naman kaza zai kai kafin a ci. Cinya ta fi daɗi idan ta ɗan haura, wajen 80, saboda jijiyoyinta sai a nan suke narkewa, amma ƙirji da zarar ya wuce 74 sosai sai ya fara zama kamar auduga a baki. Dabarar ita ce ki cire murfin tun kazar ba ta ƙarasa ba, cinya tana wajen 65, sauran ta cike a buɗe. Idan kika jira ta dahu sarai sannan kika buɗe, minti 20 ɗin jan fata za su busar da ƙirjin.

Kada ki dogara da agogo kaɗai, don oben ya sha bamban. Nawa sai ya yi kusan minti 20 kafin ya kai 220, na wasu minti 10 ya isa.

Af, a Jamus aka fara yin irin taki, tun 1967 ake sayar da ita, kuma sababbin da ake fitarwa da yawa an shafe cikin gindinsu da shafe mai sheƙi. Taki marar shafe ita ce ta fi buƙatar jiƙo, kuma ita ce ta fi wuyar wanki.

Ummu Hanan ta rubuta:

Ni dai ku yi haƙuri, zan faɗi gaskiyata. Ko kin bi duk abin da Anti Rabi ta faɗa, saman ƙirji da kan cinyoyi ne kawai za su yi ja. Gefe da baya suna cikin tukunya, bangonta ya kare su daga zafi, fari za su fito. Wanda ke son fata mai ƙaras-ƙaras ta ko'ina, tire da ragar waya ta oben ne maganinsa, ba tukunyar ƙasa ba.

Abin da nake yi idan ina da baƙi: in ta kusa dahuwa sai in fitar da ita gaba ɗaya daga tukunyar, in ɗora a tire, in mayar oben a 230 minti goma zuwa sha biyar. Sai dai ɗagawar tana son dabara. Ki zura muciya ko babban cokali ta cikin kazar, ki tallafi ɗaya gefen da wani cokalin, ki bar romon cikinta ya tsiyaye a tukunya tukuna. In kin kama ta ta ƙafa, ƙafar kaɗai za ki ɗauko.

Inda tukunyar ta fi kowa a wurina shi ne tsohuwar kaza mai tauri, wadda in kin sa a tire haƙori ba ya shiga. Ita kam a rufe, a 180, awa biyu da rabi ko fiye, kuma ban damu da fatarta ba.

Maman Safwan ta rubuta:

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Anti Rabi, wallahi da ba ki yi magana ba da gobe tukunyar nan tana kan gas.

Saura abu biyu. Oben ɗina na gas ne, wutarsa daga ƙasa take tasowa kuma yana saurin zafi, ina kunnawa a 220 ɗin kai tsaye ko yaya? Sannan wankin. Na wanke ta da sabulun wanke-wanke na kife, amma har yanzu idan na kai hanci ina jin ƙarnin kaza da tafarnuwa, ga wani baƙin tabo a ƙasa da ya ƙi fita. Ina so wata rana in gasa burodi a ciki, ba na son ya fito da warin kaza.

Ummu Hanan, maganar tsohuwar kaza ta shige ni, don su na fi so, ɗanɗanonsu daban ne.

Anti Rabi ta rubuta:

Oben na gas kada ki ba shi 220 lokaci guda. Ki kunna a mafi ƙarancin wuta minti biyar zuwa goma, ki ƙara zuwa matsakaici na wasu mintuna, sannan ki kai inda kike so. Ki ɗora tukunyar a kan wayar tsakiya, ba a ƙasan oben ba inda wutar take, kuma kada ta jingina da bango. Ki ƙara kamar minti goma a lissafinki saboda wannan hawan a hankali.

Sabulun kuwa ki rage, in da hali ki bari. Ƙananan ramukan jikin yumɓu da suke shan ruwa su suke shan sabulu, gaba su mayar miki da shi cikin abinci. Ki bar tukunyar ta huce da kanta, ki zuba ruwan ɗumi ta jiƙu, ki goge da burushi mai tauri da gishiri. Ban da soson ƙarfe. Don ƙarni, ki cika ta da ruwan ɗumi, ki zuba bekin soda cokali uku, ta kwana, da safe ki ɗauraye sosai. Tabon kuma ki rabu da shi. Tukunyar nan duhu za ta riƙa yi da amfani, tawa yanzu cikinta ya kusa zama baƙi, kuma ba datti ba ne.

Abin da ya fi tabo muhimmanci shi ne bushewa. Ta waje za ki ga ta bushe alhali cikin yumɓun da sauran danshi. In kin rufe ta haka kin tura a kabad, bayan mako biyu za ki tarar da fumfuna. Ki bar ta a buɗe inda iska ke wucewa kwana ɗaya ko biyu, kuma wajen ajiya ki juya murfin ki ɗora shi a birkice cikin gindin, da tsumma a tsakaninsu, kada ki rufe ta ruf.

Burodi yana kyau a ciki, amma ki shimfiɗa takardar gashi. Kifi ne ba na yarda ya shiga tawa, warinsa ba ya fita da wuri.

Maganar Ummu Hanan gaskiya ce, bayan kazar ba zai yi ja ba. Ni dai ba na fitar da ita zuwa tire, don ƙarin wanki ne, kuma mutanen gidana dankalin da ya sha romo a ƙasa suke rububi, ba fatar baya ba. Romon ma kada ki zubar. Ki tace shi a ƙaramar tukunyar ƙarfe, ki bari ya ɗan tsaya ki kwashe man da ya taso, ki tafasa har ya ragu rabi. Kafin nan kazar ta huta minti goma zuwa sha biyar ba rufi, in kin rufe ta tururi zai sake laushe fatar da kika sha wahala a kai. Kada ki ƙara gishiri a romon sai kin ɗanɗana bayan ya ragu.

Baban Yusra ya rubuta:

Tunda za ki gwada tsohuwar kaza, a nan kam ki mayar da albasar nan taki guda uku, dogon zama a wuta yana son ɗan ruwa a ƙasa. Ki kwantar da ita ƙirji a ƙasa, cikin romon, don ƙirjin tsohuwa ba shi da kitse. Ma'aunin zafi ma ba zai taimaka miki sosai a nan ba, za ta wuce 74 tun da wuri alhali tana nan da taurinta. Ki kama ƙashin ƙafa da tsumma ki murɗa, in ya juya a gaɓa ba gardama ta yi, in ya ƙi ki mayar da murfi ki ƙara minti 20.